Teburin Gicciye: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Saya

Ko wane manomi mai shanun noma ya san ɓacin ran da ke cikin karyewar garma a farkon damina. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta yi laushi, shanu sun ƙoshi, sai ga wani ɗan ƙarfe wanda bai fi tafin hannu ba ya tsage. A kai wa maƙeri. Ya sami ƙarfe mai kyau, ya yanke shi daidai, amma da an zo ɗaurawa sai a ga huji ɗaya ya shiga, na biyu ya kauce da kamar kaurin ƙwayar dawa. To, daga nan sai a ɗauki magagari a yi ta faɗaɗa hujin har noti ya shiga. Ranar dai za a yi huɗa, amma hujin da aka faɗaɗa ba ya riƙe noti da kyau. Kafin mako ya zagayo abin ya fara girgiɗi, daga girgiɗi kuwa sai wata karyewar. A ƙasa irin ta Katsina da Daura da Maraɗi, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, kwana uku da aka ɓata wajen jeka ka dawo a bakin maƙera sai an gan su a rumbu.

Tun ƙarshen shekarun 1920, sa'ad da aka soma koya wa manoman Arewa noma da shanu, kayan ƙarfe su ke ta ƙaruwa a ƙauyuka. Da fari garmar Emcot ce, wadda kamfanin Ransomes na Ingila ya ƙera. Yau ga amalanke, ga injin ɓarar gyaɗa, ga na sussukar masara, ga injin niƙa, ga na ban ruwa a fadama. Dukansu da noti a ke haɗa su, ko wane noti kuwa sai da huji. Masu walda na Panteka a Kaduna, da na Ƙofar Ruwa a Kano, da na Katako a Yamai, suna ƙera irin waɗannan kaya da yawa, amma ba kowa ke kusa da su ba. Shi ya sa waɗansu manoma da makanikan ƙauye su kan ware ɗaki ɗaya a gida, ko gefen zaure, su ajiye injin walda da injin huji na tsaye. Wanda ya kai nan, abin da ya kan biyo baya a ransa shi ne teburin gicciye.

Shi wannan tebur ba wani abu mai wuyar ganewa ba ne. Faranti biyu ne na ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, a kan gindi guda. Na sama yana zamewa dama da hagu, na ƙasa yana zamewa gaba da baya, watau tafiyar ɗaya ta gicciye ta ɗayan. Ko wanne yana da dogon sukuru a cikinsa, da hannu a bakin sukurun. In an murɗa hannun, sai farantin ya matsa a hankali. Jikin hannun akwai zobe mai layuka, wanda ke nuna iyakacin matsawar da aka yi. A kan ɗaure gindin bisa teburin injin huji, a ɗaure ƙarfen da za a huda bisa farantin sama. Maimakon mutum ya riƙa tura ƙarfe da hannu yana leƙe yana cewa ya yi ko bai yi ba, sai ya ƙidaya juyi. Amfaninsa ke nan: yana kai ƙarfe daidai inda a ke so ƙarƙashin tsinken huji, ya kuma riƙe shi a wurin.

Sai dai tun kafin a je kasuwa akwai abin da ya wajaba a sani, domin a nan ne mutane da yawa su kan yi hasarar kuɗinsu, wani ma har da jininsa. Teburin gicciye ba ya mai da injin huji ya zama injin sassaƙar ƙarfe. Mai sayarwa ya kan ce da wannan tebur za a iya fafe kwari a jikin ƙarfe, a sa wuƙar sassaƙa a bakin injin a riƙa tura ƙarfen a gicciye. A kan itace ko roba mai laushi, a hankali, ya yiwu a tsira. A kan baƙin ƙarfe kuwa ganganci ne. Dalili shi ne, mariƙin tsinke na yawancin injunan huji ba a ɗaure ya ke da noti ba. Yana zaune ne bisa wata sanda mai ɗan tsini, irin wadda wani Ba'amurke mai suna Stephen Morse ya fito da ita a 1864, wadda karkatar gefenta ba ta wuce wajen digiri ɗaya da rabi ba. Matsi kaɗai ke riƙe ta. In ana huji, ƙarfin yana tura ta sama, tana ƙara kamawa. In aka tura ta daga gefe, sai ta riƙa sassautawa kaɗan kaɗan, har mariƙin ya faɗo yana juyi da wuƙa a bakinsa. Boris ɗin da ke cikin kan injin ma ba a yi shi domin ɗaukar nauyi daga gefe ba. Injin sassaƙa na ainihi yana da doguwar sanda mai zare wadda ke jawo mariƙin daga sama ta ɗaure shi. Wanda bukatarsa sassaƙa ce, to, ya tara kuɗin wancan injin, kada ya ɓata su a nan.

In kuwa huji ne a ke nufi, sai a fara da awon injin da ke gida, ba da kallon tebur a shago ba. A ɗauki tef a auna daga bakin mariƙi zuwa teburin injin, bayan an saukar da shi iyakar saukarsa. Teburin gicciye na ƙarfen zubi ya kan ci milimita 100 ko fiye na wannan fili. A ƙara tsawon tsinke, a ƙara kaurin ƙarfen da za a huda, in kuma za a ɗora mamatsi a sama a ƙara nasa tsayin. Sau da yawa mai ƙaramin injin benci ya kan tarar ba abin da ya rage. Wani lokaci dabara ita ce a juyar da teburin injin gefe guda, a ɗaure na gicciyen bisa gindin injin, in dai gindin a shafe ya ke kuma yana da ramukan noti. A kuma auna daga sandar injin ta baya zuwa tsakiyar tsinke, don kada farantin ya riƙa karo da sandar tun bai gama tafiyarsa ba.

Nauyi ma abin dubawa ne. Tebur na ƙarfen zubi mai tsawon milimita 450 zuwa 500 ya kan kai kilo 20 zuwa 30. In aka ɗora shi bisa siririn teburin ƙaramin inji, sai teburin ya sunkuya, huji ya riƙa fitowa a karkace, in kuma an tura farantin can gefe ɗaya injin duka yana iya kifewa. Lalle ne a kafe gindin injin da noti a jikin benci ko a siminti.

Game da girma, akwai wata 'yar yaudara wadda ba ƙarya ba ce, amma tana kama mutane. Abin da a ke rubutawa da manyan lambobi jikin kwali tsawon faranti ne, ba tsawon tafiyarsa ba. Misali, akwai wani ƙaramin tebur na kamfanin Proxxon na Jamus mai lamba KT 70. Tsawon farantinsa milimita 200 ne, amma tafiyarsa 134 ce, ta gicciye kuwa 46 kaɗai. Kaya ne mai kyau a wurinsa, domin an yi shi ne saboda ƙananan ayyuka irin na masu gyaran agogo da rediyo. Ga mai gyaran garma ba shi da amfani. Haka su ke dukan ƙananan nan na alminiyam masu sheƙi, waɗanda suka cika kasuwa da araha. Tsinke mai kaurin milimita 12 in ya kama baƙin ƙarfe, sai ya fizge su kamar kara. Ga aikin gona ƙarfen zubi a ke so, mai tafiyar da ba ta gaza milimita 200 a tsaye da 100 a gicciye ba. Wanda ya fi haka ya fi daɗin aiki, in injin zai ɗauka. Manomi ya tuna da huji biyu mafi nisa da ya saba yi, ya nemi tebur mai tafiyar da ta ɗara wannan.

To, an iso shago, ga tebur a gaba. Kada kunya ta hana mutum gwada shi, gama kuɗinsa zai bayar. Da fari a murɗa ko wane hannu tun daga wannan ƙarshe har wancan. Tafiyar ta zama iri ɗaya duka. In ta yi tauri a wani wuri ta yi sako-sako a wani, to, hanyar zamewar ba a gyare ta ke ba, ko kuwa sukurun ya lanƙwashe, kuma wannan ba ya gyaruwa a gida. Hanyar zamewar tana da karkatattun gefuna masu kama juna, faranti ba ya iya ɗagowa sama. A gefe ɗaya, tsakanin faranti da hanyar, akwai wani siririn ƙarfe mai kamar rula, da ƙananan sukurori uku ko huɗu masu danna shi daga waje, ko wanne da notinsa na kullewa. Wannan siririn ƙarfe shi ne ran teburin. Da shi a ke kashe girgiɗi yau, da shi kuma za a kashe wanda zai zo bayan shekara biyu in ƙarfe ya ci ƙarfe. Teburin da ba shi da shi, ko da kyauta ne, wahala ce. A kama farantin da hannu biyu a girgiza shi. In ya motsa, a ce mai shago ya ɗan ɗaure sukurorin a sake gwadawa. In girgiɗin ya tafi kuma farantin bai daina tafiya ba, madalla.

Sa'an nan a dubi makulli. Ko wace hanya ta kasance tana da abin ɗaure ta bayan an kai inda a ke so. In babu, rawar injin kaɗai ta isa ta gusar da farantin ana tsakiyar huji.

Abu na gaba ya fi ko wanne bukatar natsuwa, malaman ofis da a kan aika sayayya domin ƙungiyar manoma su lura da shi ƙwarai. Juyi ɗaya na hannu, nawa ya ke matsar da faranti? Waɗansu sukurori na awon mita ne, juyi ɗaya milimita 2, ko 3, ko 4. Waɗansu na awon inci ne, juyi goma inci ɗaya. Tun 1959 aka daidaita inci a kan milimita 25.4 cif, saboda haka juyi ɗaya na irin wannan sukuru milimita 2.54 ne. Bambancin da ke tsakaninsa da biyu da rabi kamar ba kome ba ne a ido. Amma wanda ya ɗauka biyu da rabi ne, ya yi juyi 40 yana neman milimita 100, zai sami 101.6, noti kuwa ba zai shiga ba. A kan sami tebur mai araha wanda layukan zobensa ba su dace da sukurun da ke cikinsa ba sam. Gwajin mai sauƙi ne. A ja layi da fensir a gefen faranti ya haɗa da gindi, a yi juyi goma cif, a auna tazarar da rula ta ƙarfe. In ta ba da 20, sukurun na milimita 2 ne, zoben kuma in yana da layi 100, ko wane layi 0.02 ke nan. In ta ba da 25.4, na inci ne. Na incin ba laifi gare shi ba, kuma mai tsofaffin kayan Ingila, waɗanda da yawansu da inci aka auna su, zai ji daɗinsa. Amma galibin injuna da boris da notin da ke shigowa yanzu na mita ne, na mita ya fi dacewa da mai sayen sabo. Zoben da a ke iya juyawa shi kaɗai a mai da shi sifiri ba tare da faranti ya motsa ba, ya cancanci ƙarin 'yan kuɗi, domin yana rage lissafin ka.

Akwai kuma juyin banza. In an murɗa hannu gaba, sa'an nan aka komo da shi baya, za a ga ya ɗan yi tafiya kafin faranti ya amsa. Wannan ratar da ke tsakanin sukuru da notinsa ce, kuma babu teburin da ba shi da ita, har masu tsada. In ta tsaya wajen layi biyar zuwa goma, ba kome. In ta kai rubu'in juyi, a duba notin da ke bakin hannun, domin sau da yawa shi ne bai ɗauru ba, ɗaure shi kuwa aikin minti ɗaya ne. In an ɗaure ba ta ragu ba, notin ciki ne ya cinye ko kuwa tun asali ba a yanka shi daidai ba. Maganin juyin banza wajen aiki ɗaya ne tak: kullum a iso wurin huji daga gefe guda. In an zarce, ko kuwa aiki ya sa a koma baya, sai a wuce wurin da cikakken juyi ɗaya, a sake tahowa ta hanyar da aka saba. Wanda ya riƙe wannan zai yi aiki mai kyau da tebur matsakaici. Wanda bai riƙe ba, mai tsadar ma ba zai cece shi ba.

Saura a tabbata tafiyar biyu sun gicciye juna daidai, ba a karkace ba. Magina sun san dabarar uku, huɗu, biyar wajen fitar da kusurwar ɗaki, ita ce kuma za a yi a nan. A manna takarda bisa faranti, a kafe fensir a wuri ɗaya yadda ba zai motsa ba, mafi kyau a bakin injin huji a kashe. A ɗiga alama, a tafi milimita 80 ta hanya ɗaya a ɗiga, a tafi 60 ta ɗayar a ɗiga. Daga alamar fari zuwa ta ƙarshe dole ta zama 100. In ta kauce har rula ta nuna a fili, a bar wa mai shago kayansa.

Bisa farantin sama akwai kwari biyu ko uku masu faɗi a ciki da ƙunci a baki, inda kan noti ke shiga ya zame. A auna bakinsu. Mai milimita 10 yana tafiya da noti mai kauri 8, mai 12 da noti 10, mai 14 da noti 12. 'Yan kasuwa masu kawo waɗannan tebura su kan manta da notin kwarin da ƙarafan dannewa, sai mai saye ya kai gida ya rasa abin da zai ɗaure aiki da shi. Wanda ya kawo su tare zai fi saurin sayarwa. In ba a samu ba, mai walda yana iya goge kan noti na kullum ta gefe biyu har ya shiga, amma a yi hankali da ɗaurewa da ƙarfi, domin leɓen kwarin ƙarfen zubi ne, yana ɓallewa. Akwai wani iri wanda maimakon faranti mai kwari, mamatsi ne a samansa. Yana da araha kuma ya fi sauri ga ƙananan ƙarafa, amma ba ya ɗaukar faffaɗan faranti irin na gindin inji.

Ga yadda aikin ya ke in an kai gida. A ce za a kafa boris mai gida, irin mai lamba 205 wanda ke ɗaukar sanda mai kaurin milimita 25, bisa firam ɗin injin ɓarar gyaɗa. Tsakanin ramukan notinsa milimita 105 ne. Da sukuru na milimita 2, juyi 52 ke nan da layi 50. A ɗaure ƙarfen ya bi tafiyar faranti sosai, a sa katako a ƙarƙashinsa don kada a huda teburin, a kulle hanyoyi biyu, a fara da ƙaramin tsinke gajere, domin dogon tsinke siriri ya kan yi yawo kafin ya kama. Sa'an nan a bi da babba. A kwance makulli ɗaya, a ƙidaya juyin, a kulle, a sake hudawa. Boris biyun da aka kafa haka suna fuskantar juna, sanda ba ta zafi, bel ba ya cin gefe. In kuwa noti huɗu ne a kewaye mai faɗin milimita 100, kamar a murfin famfo, tsakanin ko wane biyu na kusa 70.7 ne, watau juyi 35 da layi 35. Tsinke mai kaurin milimita 10 a baƙin ƙarfe mai laushi yana son juyi wajen 800 a minti, da ɗigon mai a bakinsa. Mai babbar riga ya tuɓe ta tukuna, mai rawani ya naɗe jelarsa, gama tsinke ba ya tambaya kafin ya kama tufa.

Dogon ramin nan da a ke yi a gindin mota domin jan bel, wanda saboda shi mutane ke sha'awar sassaƙa, yana samuwa ba tare da ita ba. A kulle hanya ɗaya, a jera huji a layi, ko wanne kusa da ɗan'uwansa har saura ƙiris su haɗu, sa'an nan a cinye tsakaninsu da magagari. Da yake teburin ne ya jera su, ramin zai fito a miƙe kamar an ja da zare. Haka kuma a ke jera hujin raga ta injin sussuka, sahu sahu, tazara ɗaya.

Sabon tebur ya kan zo da wani maiƙo mai danƙo wanda aka shafa don tsatsa a hanya. Ba man aiki ba ne. A kwance faranti, a wanke da kananzir, a duba lunguna, domin a kan tarar da yashin zubi da ɓarɓashin ƙarfe a maƙale. A goge kaifin gefuna da ƙaramin magagari, a shafa man inji mai tsabta, a mayar, a daidaita siririn ƙarfen nan har faranti ya riƙa tafiya da ɗan nauyi kaɗan ba girgiɗi. Giris ba shi da kyau a hanyar zamewa a ƙasar nan. Da hunturu ƙura ta kan haɗu da shi ta zama kamar dutsen wasa, ta yi ta cin ƙarfen a ɓoye. Mai mara kauri ya fi, a goge a sake sau da yawa, a rufe da buhu in an tashi. Da damina kuma ko kwana biyu aka bar farantin ba mai, za a tarar ya yi ja.

Wanda ya sami tsohon tebur a wurin masu kayan gwanjo kada ya raina shi don fenti ya goge, sau da yawa ƙarfensa ya fi na sabon nauyi da kyau. Abin dubawa a jikinsa shi ne tsakiyar tafiya, inda aka fi aiki. In an ɗaure sukurorin gefe har tsakiya ta daina girgiɗi, sa'an nan faranti ya ƙi isa ƙarshe, hanyar ta cinye ke nan. A kuma juya shi a ƙwanƙwasa gindin da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfen zubi yana amsawa da ƙara, mai tsagewa kuwa sai ya yi bif kamar fasasshiyar tukunya.